Azumin Direban Motar Baya

Ina tsaye gaban ganga ta uku a kamfanin fata da nake aiki a Challawa, hannuwana cikin safar roba, mai gadi ya shigo yana toshe hanci ya ce ana nemana a bakin ƙofa. Ranar Lahadi ce, wajen ƙarfe tara na safe. Ban cire safar ba na fita, don na ɗauka mai kawo mana ƙosai ce. Sai na tarar da Kawu, mai walda da muke hawan keke tare. Ya girme mu duka, shi ya sa muke kiransa haka. Yana tsaye babu keke, gefen rigarsa da jini. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Cire abin nan daga hannunka mu tafi asibiti. Amma ba sai mun yi sauri ba."

Daga nan na gane.

Mu huɗu ne. Da ni, da Kawu, da wani Badamagare mai kula da tukunyar tururi a wani kamfanin man gyaɗa, sai aminina, wanda muka tashi layi ɗaya a Panshekara, yana aiki a kamfanin roba a Sharada. Keken zuwa aiki ne ya haɗa mu. Daga baya kowa ya lallaɓa ya sayi keken tsere na gwanjo, muka riƙa fita duk Lahadi bayan sallar asuba, mu yi nisa mu dawo kafin rana ta yi zafi.

Muna da tsarinmu. A layi ɗaya muke tafiya, na ƙarshe kuma yana ɗaura jan ƙyalle a bayan sirdinsa. Aikinsa shi ne waiwaye. In ya hango tirela ko gingimari sai ya ɗaga murya ya ce, "Babba a baya!" kowa ya sauka gefen titi. Juyi muke yi, kowa da Lahadinsa. Wannan Lahadin tawa ce. Amma ranar Asabar shugaban sashenmu ya ce in shigo aiki, ban musa ba. Da yamma aminina ya biyo gida ya karɓi ƙyallen, yana yi mini tsiya wai warin fata ya fi mini iskar Allah daɗi.

Kawu ya ce aminina ya yi aikinsa. Suna fita daga Sharada ya yi ihun, su biyu na gaba suka sauka gefe, motar kuma ta bi ta kansa. Babbar mota ce ta wani kamfanin ruwan sha da ke Bompai. Direban ya ce rana ce ta kashe masa ido. Mai shayin da ke wurin ya ce ya ga waya a kunnensa. Ni maganar mai shayin na ɗauka, kuma har yau ita nake riƙe da ita.

Aminina ya bar mata da 'ya'ya mata biyu.

Ranar sadakar uku aka kawo direban. Gajeren mutum ne, zai yi shekara hamsin, furfura ta fara cin gemunsa. Tun daga nesa ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa gaban Baba, mahaifin aminina. Wani dattijo daga kamfaninsu ne ya yi bayani, ya kawo maganar diyya. Baba suka ɗaga hannu suka ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Na yafe, matarsa ma ta ce ta yafe. Tashi ka zauna kan tabarma." Mutane suka yi ta sa albarka. Ni ina zaune a bakin zaure, na ji kamar an sake taka shi a gabana. Ko minti biyar ba a yi ba, an gama da maganar mutumin da muka yi shekara talatin da wani abu tare.

Sai Liman suka yi gyaran murya suka ce wa direban, yafiyar iyali ta sauke masa haƙƙinsu, amma da sauran na Allah. Wanda ya kashe rai bisa kuskure zai yi azumin wata biyu a jere. In ya sha ko rana ɗaya ba don ciwo ba, lissafi ya rushe, sai ya koma farko. Suka ce ko tafiya ba uzuri ba ce a wannan azumin. Direban ya ce ya ji, zai fara. Ban san na ajiye maganar nan a raina ba sai daga baya.

Tun kafin rasuwar mun rubuta sunayenmu mu huɗu a wata doguwar tafiyar keke da wata ƙungiya take shiryawa, daga Bompai zuwa Ringim a dawo, kilomita ɗari da wani abu. Aminina ne ya matsa mana. Kawu ya ce mu janye. Badamagaren ya ce a'a, in muka janye zai gaya wa duniya Kanawa sun sake tsorata. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, muka bar sunayen.

Keken aminina yana jingine a zauren Baba, ƙafar baya a murɗe. Wata rana Baba suka ce in ɗauke shi, ba sa son ganinsa in za su fita masallaci. Kawu ya miƙar da ƙarfen, ya yi masa walda a wuri biyu, muka sa sabuwar ƙafa. Ruwan ɗorawa ne kalarsa, ana hango shi daga nesa. Jan ƙyallen yana nan a ɗaure, ban kwance ba. Na yanke cewa shi zan hau.

Ranar tafiyar ta faɗo a tsakiyar bazara. Wannan shekarar watan azumi sai da damina. Muka hallara a wani fili a Bompai gari bai gama wayewa ba, amma tuni iska ta yi ɗumi. An cika, har da likitoci da ma'aikatan banki masu kekunan da za ka ɗaga da yatsa biyu. Badamagaren ya dube su ya ce, "Kawu, waɗannan ko walda ba za su karɓa ba, sai dai gam." Wani daga cikin masu shiryawa ya hau kan tebur da lasifika yana karanta dokoki. Akwai mota a gaba mai jiniya. Akwai kuma motar baya, ɗauke da ruwa da ƙanƙara, tana kwasar wanda ya gaza. Ya nanata cewa motar baya ba ta wuce mai keke na ƙarshe, ko da rarrafe yake yi, sai dai in shi da bakinsa ya ce ya gaza.

Na juya in ga motar. Farar bas ce, an cire kujerun baya an jera kuloli. Mutumin da ke zuba ƙanƙara a ciki shi ne direban nan.

Kamfaninsu ne ya ba da ruwan tafiyar, kuma ashe tun bayan abin an sauke shi daga babbar mota an ba shi bas. Ya rame, wuyansa ya fito. Wani ya miƙa masa shayi da burodi, ya girgiza kai. Badamagaren, da ba ya iya ganin abu bai tambaya ba, ya je ya dawo ya ce mana a hankali, "Azumin nan yake yi. Wai yau hamsin da uku."

Saura bakwai ke nan. Mako ɗaya, ya wanke hannunsa wurin mutane ya wanke wurin Allah, ya ci gaba da cin tuwonsa da rana. 'Yan matan aminina kuma ko shekara ba su fara ƙirgawa ba.

Na tura keken na bi ta gabansa a hankali. Ya ga ruwan ɗorawan, ya ga ƙyallen. Ledar ƙanƙarar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa.

Da aka busa usur na bar kowa ya wuce. Kawu da Badamagaren suka jira ni, muka jeru yadda muka saba, ni a ƙarshe, bas ɗin a bayana. Ina jin ƙarar injinta. Mun wuce Yankaba, mun wuce Tokarawa, katangun kamfanoni suka ƙare, gonaki busassu suka fara. Ƙafafuna lafiya lau, wata biyu ina horar da su. Amma na sa giya mai sauƙi ina juya feda kamar mai zuwa cefane. Abin da nake so ba shi da wuyar faɗa. Ina so ya wuni yana kallon bayan keken nan, cikin motar da ba ta da sanyi, da kulolin ruwa a bayansa, har maƙogwaronsa ya fi ƙarfinsa ya sha. Ina so ya koma kwana na ɗaya.

Kafin mu kai Gezawa ayarin ya ɓace mana. Badamagaren ya waiwayo ya ce, "Kai Bakano, taka mana! Nan fa kakannina suka kori kakanninku, ko tsoron wurin ne ya kama ka?"

Da a da ne, da na ce masa ai da ciwon ciki suka koma gida. Na tsaya a bakin hanya na ɗaga hannu. Bas ta tsaya. A lokacin akwai ma'aikacin lafiya a gaba tare da direban. Na ce ruwa nake so, kuma direba nake so ya kawo. Ya fito ya buɗe kula ya miƙo mini leda biyu da hannu biyu. Na fasa ɗaya na sha a gabansa a hankali. Ɗayar na tsiyaye ta a kaina, ruwan yana zuba ƙasa tsakanina da shi.

Kawu ya jingine kekensa ya ja ni gefe.

"Me kake yi haka?"

"Ƙishi nake ji, Kawu."

"Kar ka maida ni yaro. Ni na ɗauke shi daga kan kwalta, ba kai ba. Uban da ya haife shi ya yafe. Kai wane ne?"

Na ce, "Ni ne wanda ya kamata a taka."

Ya ce, "To ka je ka yi faɗa da wanda ya sa ka aikin Lahadi. Ko ka yi da kanka. Wannan bawan Allah ibada yake yi."

"Ban hana shi ba."

Muka ci gaba. Rana ta hau. Kwalta ta fara sheƙi, iskar da ke dukan fuska kamar daga bakin tanda. Duk bayan ɗan lokaci sai in tsaya. Wani lokacin ruwa, wani lokacin in ce iskar taya ta ragu, in sa famfo in yi ta bugawa. Wasu da suka gaza aka ɗauke su a bas, suka gaji da jira, suka sauka suka hau motar haya. Tun kafin mu isa Ringim muka fara gamuwa da na gaba suna dawowa, suna ɗaga mana hannu suna cewa sannu.

A Ringim muka yi azahar. An ajiye mana shinkafa da lemo a ƙarƙashin rumfa. Na ɗauki nawa na je na zauna a inuwar bas ɗin, daidai ƙofar direba. Yana ciki ya kifa kai a kan sitiyari. Wani mai keke ya faɗi ya ji ciwo a kafaɗa, ma'aikacin lafiyar ya bi motar da za ta kai shi Kano. Ɗaya daga cikin masu shiryawa ya zo ya ce mini, "Malam, in jikin ya ƙi ka hau mota, ba abin kunya ba ne." Na ce jikina ƙalau, doka kuma ta ce sai na faɗa da bakina. Ya duba agogo ya tafi.

Kawu ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce shi ba zai zama shaida a kan wannan ba. Ya hau kekensa ya tafi bai waiwayo ba. Badamagaren ya zauna da ni har muka dawo rabin hanya. Ya daina tsokana. Can ya matso kusa da ni ya ce, "Wallahi da yana nan da ya zage ka." Na ce ai ba ya nan. Ya ƙara wuta, na ga bayansa yana ƙanƙancewa har ya ɓace.

Muka rage daga ni sai shi.

Na kan waiwaya, kamar yadda mai jan ƙyalle yake yi. Ta gilashi ina ganin fuskarsa. Ya jiƙa tsumma ya ɗora a ka. Sau biyu na ji motar ta sauka daga kwalta ta hau tsakuwa, sannan ta dawo. Ban ji tsoro ba. Na ce a raina, in ya taka ni ma, sai ya yi wata huɗu.

Da la'asar ta yi na tsaya a gindin wata darbejiya bayan Gezawa. Ya fito yana dafa mota, ya kawo mini ruwan alwala, shi ma ya tsuguna ya yi tasa. Na zuba ido a kan bakinsa lokacin da ya kuskure. Ya tofar, ya sake tofarwa, har sau uku, ya goge leɓe da bayan hannu. Leɓen ya tsage, akwai jini kaɗan. Ya shimfiɗa kwali biyu ya ce, "Bismillah, Malam, ja mu." Na ɗauki kwalina na matsa can gefe na yi tawa ni kaɗai. Ban san me na karanta ba.

Daga nan ni ma jikina ya fara karɓar abin da na shirya wa wani. Awa goma a kan sirdi ba wasa ba ce, ko da a hankali ne. Cinyoyina suka riƙa ɗaurewa. Mun wuce Jogana, hayaƙin kamfanoni ya fara bayyana, rana ta yi ƙasa ta koma ja. Na duba ta na ga bai fi awa ɗaya ya rage a kira magariba ba. Zai kai. Duk abin da na yi tun safe zai tashi a banza, gobe ya wayi gari da hamsin da huɗu.

Na tsaya a jikin katangar wani kamfani da aka daɗe da rufewa, kusa da Tokarawa. Ba kowa a wurin sai awaki. Wannan karon ban ɗaga hannu ba. Na je da kaina na buɗe kula, na zaro leda ɗaya daga can ƙasa inda ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Na zagayo ta tagarsa na miƙa masa.

Ya dubi ledar, ya dube ni. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Malam, azumi nake."

"Na sani."

"Saura kaɗan a sha ruwa."

"Shi ma saura kaɗan ya sauka gefen titi."

Ya buɗe ƙofa ya sauko, ya zauna a kan matakin motar. Ya ce tun safe ya gane abin da nake nufi. Ya ce bai ga laifina ba. Ya ce Baba sun yafe masa tun bai buɗe baki ba, kuma tun ranar bai sami wanda zai tsaya ya zage shi ba, shi ya sa abin ya ƙi sauka daga ƙirjinsa.

Na ce, "Waya kake yi ko ba waya kake yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Matata ce ta kira. Na ɗauka."

Wata biyu ina son in ji wannan. Akwai sifana a aljihun bayan rigata, na san da ita, shi ma ya ga hannuna ya je wurin. Bai matsa ba. Na dawo da hannun na sake miƙa masa ledar.

Ya karɓa. Ya riƙe ta a tafinsa, sanyin yana ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Na Allah in na rushe zan iya sake ginawa. Naka ne ban san ta inda zan bi ba. In na sha, za ka yafe mini?"

Na ce, "Sha."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na san yadda ya fahimce shi, kuma na bar shi ya fahimta haka.

Ya yi bismillah. Ya fasa ledar da haƙori ya sha, ba duka ba, kamar rabi. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ya ajiye sauran a kan matakin, ya ɗago yana jira. Ni kuma na juya na hau keken. Wannan karon na taka da duk ƙarfin da ya rage mini, har bas ɗin ta riƙa ƙara giya kafin ta kamo ni.

Mun shiga filin Bompai ana kwance rumfuna. Kawu da Badamagaren suna zaune a kan wani benci da kekunansu. Wani ya rataya mini ƙarfen shaidar gamawa a wuya, 'yan tsirarun da suka rage suka tafa. Ana haka aka kira magariba. Kawu ya tashi da dabino uku a hannu, ashe tun ɗazu ya saya ya ajiye, ya nufi direban ya ce, "Bismillah, a sha ruwa lafiya." Direban ya ce, "Na gode, Alhaji. Yau ban kai ba." Kawu ya juyo ya dube ni. Bai tambaye ni ba, ranar ko bayanta. Mun ci gaba da gaisawa, amma bai sake zuwa ƙofar gidana da asubar Lahadi ba.

Ba zan ce na yi nadama a ranar ba, don ban yi ba. Na koma Panshekara na ci abinci na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba.

Na ji labari washegari ya koma kwana na ɗaya. Ya yi sittin ɗinsa cikin sauran zafin bazara da farkon damina, ya gama saura 'yan kwanaki a ga watan azumi, ya zarce da na kowa. Bayan salla ya zo gidana tun daga Hotoro, ya yi sallama, na fito. Muka zauna a dakali. Ya ce ya cika. Na ce madalla. Na tambaye shi iyali, na tambaye shi ruwan bana. Ya ɗan zauna yana jira, sannan ya sa takalminsa ya tafi. Ya sake zuwa sau ɗaya bayan wannan, haka muka sake yi.

Shi ya sha ruwan, ya kuma rama kwanakin. Kalmar da yake jira daga bakina har yau ban faɗa masa ba.